Yadda Ake Gina Mutum a Ƙagaggen Labari Har Mai Karatu Ya Ce Ya San Shi

Yawancin labaran da matasanmu ke rubutawa suna turawa ta WhatsApp suna da jigo mai kyau: auren dole, kishi, cin amana, tafiya ci-rani. Inda suke faɗuwa shi ne wajen mutanen da ke ciki. Jaruma fara ce, doguwa, mai dara-daran idanu, gashi har gadon baya, ba ta taɓa yin ƙarya ba tun da aka haife ta. Jarumi ɗan hamshaƙin attajiri ne, miskili, ba ya dariya. Kishiya kuwa tun shafin farko tana kan hanyar gidan boka. Mai karatu a unguwar Birni ko Garin Malam, nan Damagaram ta ƙasar Nijar, zai bi labarin don ya ga ƙarshensa, amma ka tambaye shi bayan sati biyu, ko sunan jarumar ba zai kawo ba, domin bai taɓa ganin irinta a layinsu ba.

Abu uku ke sa a yarda da mutum a labari: abin da yake so, abin da ya ɗaure shi, da abin da ya zaɓa ranar da waɗannan biyun suka yi karo. Sunansa da kamanninsa da suturarsa da salon maganarsa duk yi wa ukun nan hidima suke yi. Zan bi matakan da mace guda da na ƙirƙira domin wannan bayani, sunanta Fasuma.

Mataki na farko: ka ba shi buƙatar da ake iya ƙirgawa

"Tana son farin ciki" ba za ta kai ka ko'ina ba, don kowa yana so. Nemi abin da ke da farashi da wa'adi. Fasuma bazawara ce mai 'ya'ya uku, tana tuyar waina a bakin Kasuwar Dole. Tana so ta yi wa babbar 'yarta kayan ɗaki, gado da katifa da kwanuka, kafin bikin da aka sa bayan Sallar Layya, kuma ba tare da ta karɓi ko dala daga dangin tsohon mijinta ba.

Ka lura da wutsiyar maganar. A ƙarƙashin buƙatar da take iya faɗa akwai wadda ba za ta faɗa ba ko da wuƙa a wuya: tana so waɗanda suka ce ba za ta iya riƙe yara ita kaɗai ba su zo ranar jere su gani da idonsu. Ta farko ita ke tura labari gaba, ta biyu ita ke bayyana dalilin da zai sa ta yi abin da mai hankali zai kira wauta. Rubuta duka biyun a takarda kafin ka fara babi na ɗaya.

Mataki na biyu: ka ɗaure shi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa. A ƙasarmu babu mutumin da ke tsaye shi kaɗai. Jarumar da ba ta da gwaggo, ba ta da maƙwabciya, babu mai binta bashi, babu wanda take jin nauyinsa, baƙuwa ce a idon mai karatu ko da sunanta na Hausa ne.

Zauna ka amsa waɗannan tambayoyi, ka rubuta amsar da sunaye. Wa yake ci daga hannunta? A gaban wa take durƙusawa? Wa ke binta, wa take bi? Wane ne in ya yi sallama gabanta zai faɗi? Wa ya san wani abu nata da take ɓoyewa?

Ga amsar Fasuma. Ita ce 'yar fari a ɗakinsu, uwarsu ta tsufa a wani ƙauye wajen Mirya, kuma tun rasuwar ubansu duk abin da ya taso wurinta ake kawowa. Tana da ƙane, Mutari, autansu, wanda ita ta goya shi, ya bi hanyar Agadas ya tafi Libiya neman kuɗi. Sannan ita ce uwar adashin mata 25 a Zango. Kowace tana zuba jaka 4 a sati, wato sefa dubu huɗu, wasu gaba ɗaya, wasu kaɗan-kaɗan kullum, ranar Alhamis wadda layi ya zo kanta ta kwashi jaka 100. Fasuma ba ta da fili, ba ta da shanu. Jarinta kaf shi ne cewa shekara da shekaru ba a taɓa neman kuɗin adashi a hannunta aka rasa ba.

Yanzu igiya uku ke jikinta: 'ya, ƙane, da suna. Kowacce mai kyau ce, kowacce mai karatu zai goyi bayanta. Abin da ake nema ke nan. In igiya ɗaya ta alheri ce ɗayar ta sharri, babu wahalar zaɓi, kuma mai karatu ya riga ya san inda za a je.

Mataki na uku: shekarar haihuwa

Ka yanke shekarar da aka haife shi, ka jera ta da abin da garin ya gani. Aikin minti goma ne, amma yana fitar da hali. In an haifi Fasuma a 1983, tana goye aka yi yunwar 1984, wadda ta zo tare da rufe iyakar Najeriya. Tana da shekara 11, tana talla, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ta ji manya suna salati a kan farashi. Ƙarancin abinci na 2005 ya same ta tana da shekara 22, da goyo a baya. Macen da ta ratsa wannan ba ta barin buhun hatsi ya kai gindi, kuma in 'yarta ta zubar da sauran tuwo faɗan da za ta yi zai fi ƙarfin laifin. Ba sai ka ba da darasin tarihi ba. Ka nuna faɗan kawai, wanda ya sani zai gane.

Haka kowa. Dattijon Birni da ya tashi yana jin labarin Sarki Tanimun da ganuwarsa, yana kuma jin cewa nan ne babban birnin ƙasa kafin Faransawa su mai da shi Yamai a 1926, akwai yadda yake ɗaga kai in ana maganar gwamnati. Saurayin da ya gama lise, wato babbar sakandare, daidai lokacin da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, ya kai takardu yana jiran kira, da wani irin ɗaci yake zuba shayi a fada, wato majalisar samari. Ɗan kasuwar da kayansa suka maƙale sa'ad da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, aka sake rufewa a 2023, ba ya jin labarin rediyo yadda malamin lakwal ke jinsa.

Mataki na huɗu: yini guda da lissafin aljihu

Baduku ba ya yanka fata sai ya auna ƙafa. Kafin ka sa mutum cikin tashin hankali, rubuta wa kanka yininsa na yau da kullum, daga farkawa zuwa kwanciya, ko da ba za ka sa shi a littafin ba. Fasuma tana jiƙa shinkafa da rana, ta kai inji da yamma, ƙullu ya kwana ya tashi. In famfo ya kawo ruwa cikin dare sai ta tashi ta tara, in bai kawo ba sai ta jira 'yan garuwa ta saya. Kafin a fito sallar asuba ta hura wuta, ta ɗora tanda. Hannunta na dama yana da tabon mai. Tana ware kuɗin itace, na mai, na shinkafar gobe, sauran shi ne riba.

Batun ruwa ya isa misali. Duk wanda ya zauna a Damagaram ya san abin da ruwa yake nufi a watan Afrilu da Mayu. In ka rubuta 'yar talaka a garin nan tana shiga wanka sau uku a yini, tana sakar wa kanta ruwa tana tunanin masoyi, matan da ke karanta ka za su yi dariya a inda ka so su yi kuka. In kuwa attajira ce, to nuna tankin da ke bisa rufin gidan, da yadda maƙwabta ke kallonsa.

In ba ka san sana'ar ba, je ka zauna wurin masu ita. Majema, mahauta, 'yan kabu-kabu, masu ɗinki, duk suna nan, kuma yawancinsu suna son a tambaye su aikinsu. Tambayi abin da ke ɓata musu rai a sana'ar da abin da baƙo ke kuskurewa, amsar ta fi duk wani kwatance da za ka ƙago.

Mataki na biyar: suna, da yadda ake kiran sunan

Suna yana ɗauke da labari. Gambo ya biyo tagwaye, Tanko ya biyo mata, Delu ta biyo maza, Lami ranar Alhamis ta zo, Lawali da Sani da Salisu suna nuna jeri. Kyari ko Falmata sun gaya wa mai karatu akwai jinin Barebari a gidan, kuma in Bafulatani ya shigo fage an san za a taɓa wasa. Kada ka ba mutum biyu sunaye masu kama, Habsu da Hafsa a labari ɗaya wahalar da mai karatu ne a banza.

Abin da ya fi sunan yanka amfani shi ne wanda kowa ke kiran mutum da shi. Uwar Fasuma ba ta taɓa faɗar sunanta ba saboda kunyar 'yar fari. Mutari yana ce mata Yaya. Masu sayen waina suna cewa Mai Waina. Matan adashi suna cewa Uwa. Ita ma ba ta kama sunan babbar 'yarta, sai dai ta ce "yarinyar nan". To ka ajiye wannan a aljihu. Ranar da Fasuma ta buɗe baki ta kira 'yar da sunanta, mai karatu Bahaushe zai san ƙasa ta motsa, ba sai ka ƙara ko kalma ba.

Kamannin jiki kuwa, abu ɗaya ko biyu sun isa, kuma a zaɓi wanda rayuwa ta bari: tabon mai, kantar goshi, tafiyar wanda ya daɗe bisa babur.

Mataki na shida: aibin da ya tsiro daga kirki

Marubuta da yawa in an ce su ba jaruma aibi sai su liƙa mata wani abu daga waje, wai tana da saurin kuka. Aibin da ake yarda da shi daga jikin kirkin mutum yake fitowa. Riƙon amanar Fasuma shi ya haifa mata taurin kai da rashin uzuri. Ba ta iya roƙo. Matar da ta makara da zubi ba ta samun sassauci a wurinta, har akwai wadda ta taɓa tozartawa a gaban mutane a kan jaka ɗaya. Sa wannan fage da wuri, a babi na biyu ko na uku, ka bar mai karatu ya ɗan ji haushinta. Zai yi maka aiki nan gaba.

Mataki na bakwai: ka matsa shi, ka bar shi ya zaɓa

Daren Litinin waya ta yi ƙara, lambar waje. Muryar Mutari ce, sai wani ya karɓe wayar. An tsare shi, ana son jaka 200 kafin Laraba. Kuɗin kayan ɗaki da ta tara jaka 140 ne. Na adashi da ke hannunta jaka 60. Yayan tsohon mijinta, Alhaji, yana da abin da zai ba ta ko a daren, in ta je ta durƙusa.

Dubi yadda lissafin ya zauna. Ko ta sadaukar da ɗakin 'yarta kaf, bai isa ba. Dole ta taɓa amana, ko ta taka girman kanta, ko ta bar ƙanenta. Da gangan ake gina wannan, kuma da alƙalami da takarda: ka tabbata babu wata ƙofa mai sauƙi da mai karatu zai gani ya ce "me ya hana ta yin kaza?" In akwai, ka rufe ta a cikin labarin tun kafin a iso nan.

Sai babban sharaɗi: kada ka cece ta. Kada wani Alhaji ya faɗo daga sama da jakar kuɗi, kada a gano ashe 'yar sarki ce da aka sace tana jaririya. Mun yi imani da ƙaddara, kuma Fasuma za ta yi alwala ta kai kukanta ga Allah cikin daren nan, domin haka irinta ke yi. Amma bayan ta shafa addu'a, ƙafarta ce za ta taka zuwa gidan aika kuɗi ko zuwa ƙofar Alhaji. A nawa ganin, Fasumar da muka gina za ta ɗauki kuɗin adashi, ta gaya wa kanta aro ne, za ta mayar kafin Alhamis. Roƙo ya fi mata sata ciwo, kuma ba za ta taɓa kiran abin da ta yi sata ba. Wani marubucin zai iya kai ta gidan Alhaji, in dai ya shuka dalilin tun baya.

Mataki na takwas: magana

Masu wasan kara na garin nan malamai ne a wannan fanni. Wanda zai kwaikwayi wani babba ba ya haddace jawabinsa duka. Yana kama abu biyu ko uku, yadda yake gyara murya, kalmar da yake yawan maimaitawa, yadda yake jefa hannu, sai fili ya ɗauki sowa don an gane shi. Yi wa kowane tauraro haka. Wani ba ya gama magana sai da rantsuwa. Wata tambaya take mayarwa a kan tambaya. Wanda ya yi lakwal yana tsarma Faransanci, wanda ya daɗe a Kano harshensa ya ɗan karkata, tsohuwa tana lissafi da dala ko da kuɗin ya kai jaka.

Sannan ka tuna mutanenmu ba su cika faɗar abin da ke ransu kai tsaye ba, balle a kan kuɗi. Sabon marubuci zai rubuta: "Fasuma ta ji tsoro ƙwarai da ta ga Hajiya Habsu, domin ita ce mai kwasa ranar Alhamis." Gwada haka, ranar Talata da hantsi:

"Hajiya, sannu da zuwa. Ga kujera."

"A'a, wucewa nake. Na ce bari in leƙo Uwa, in ji ko jibi tana nan."

"Jibi ai Alhamis ce." Fasuma ta juya wainar da ba ta isa juyi ba, ƙullun ya zube a gefen tanda.

"Ita na sani."

"To, Allah ya kai mu."

Hajiya ta dubi tandar, ta dubi Fasuma. "Amin," ta ce, ba ta tafi ba.

Babu wanda ya ambaci kuɗi, babu inda aka ce tsoro ko zargi. Macen da ta shekara ashirin tana tuya ta ɓata waina, shi ke nan. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu iya magana, a rubutu kuma har da hannu.

Gaisuwa tana da tsawo a bakinmu, amma kada ka kwashe ta duka ka zuba a shafi. Kawo ta inda take aiki: wanda ya gajarta gaisuwa yana fushi, wanda ya ja ta fiye da kima da roƙo ya zo.

Mataki na tara: abokin hamayya da ƙananan taurari

Hajiya Habsu ba muguwa ba ce. Ta riga ta yi alkawari da mai kawo mata atamfa daga Kano, in ba ta biya ranar Juma'a ba kayan na wani ne. In ta tona asirin Fasuma a tsakiyar mata, haƙƙinta take nema. Duk wanda zai tsaya wa jaruminka a hanya, yi masa mataki na farko da na biyu kamar yadda ka yi wa jarumin. Uwar mijin da ke takura wa amarya, tambayi abin da take tsoron rasawa. Sau da yawa za ka tarar ɗan nan shi kaɗai ne ke ciyar da ita.

Ka tuna matar da aka tozarta a kan jaka ɗaya? Ranar Alhamis tana cikin taron. Ko ta rama, ko ta zama ita kaɗai ce ta rufa wa Fasuma asiri. Duk wanda ka zaɓa zai yi nauyi, domin mai karatu ya ga abin da ya wuce tsakaninsu. Sauran ƙananan taurari, ɗan kabu-kabun da ya kai ta gidan aika kuɗi ko yaron da ke mata wanke-wanke, buƙata ƙarama guda ta ishe kowannensu.

Game da sauyin hali, a yi hattara. Hali zanen dutse ne, mai karatu ma ya san haka, shi ya sa ba ya yarda da muguwar kishiyar da ta tuba a shafin ƙarshe don kawai littafi ya zo ƙarewa. Fasuma ba za ta wayi gari mai taushin zuciya ba. Iyakar abin da za ta yi, wata rana wata ta makara da zubi, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta rufe. Wannan ya isa sauyi.

Mataki na ƙarshe: gwaji

In ka gama, karanta hirarrakin da ƙarfi. Inda harshenka ya sarƙe, ba haka mutane ke magana ba, gyara. Rufe sunayen da yatsa ka ga ko za ka gane mai magana. Ɗauki babban fage ka cire jarumar ka sa wata a wurinta: in komai ya tafi daidai ba tare da canji ba, har yanzu ba ka gina kowa ba, koma mataki na biyu. Ba wa wanda ya san sana'ar ya karanta, mai tuyar waina ta gaske za ta nuna maka kuskuren da malamin adabi ba zai gani ba. Ajiye ƙaramin littafi na shekaru da sunaye da dangantaka, musamman in kana fitar da labarin kashi-kashi, don kada yaron da ke aji uku a babi na biyar ya yi aure a babi na tara alhali wata shida kawai suka wuce.

Saura batun mutanen gaske. Kowane marubuci daga maƙwabta da dangi yake ɗiba, amma Damagaram gari ne da in ka ce bazawara mai waina a kusurwa kaza, kafin la'asar an kai mata labari. Haɗa mutum biyu ko uku su zama ɗaya: muryar wannan, sana'ar waccan, matsalar wata daban. Canza unguwa, canza yawan 'ya'ya, canza abin sayarwa. Sirrin da aka gaya maka don an yarda da kai kuwa, ko ka canza komai, sai ka nemi izinin mai shi kafin ya shiga littafi.